Rijiyar da Ba a Durƙusa Mata

Ina da shekara tara aka kulle Baba. Lokacin muna zaune a Lafia, a wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya, ɗaki biyu namu, sauran na Iya Falmata da mijinta. Gonarmu kuwa tana can bayan Agyaragu, gonar doya ce da kakanmu ya sare dajinta da hannunsa. Wata safiya Baba ya je ya tarar an kafa turakun siminti an ja waya. Wani babban mutum, wanda har yau ba na son sunansa a bakina, ya ce ya sayi wurin, daga hannun wanda bai taɓa yin kunya ɗaya a cikinsa ba. Baba ya tumɓuke turakun ya jera su a bakin hanya. Bayan kwana uku aka zo da mota aka tafi da shi. Sharaɗin sakinsa ɗaya ne: ga takarda, ya dangwala yatsa a kan cewa gonar ba tasa ba ce, ya kwana a gida a ranar.

Da labari ya kai ƙauye, Kaka, wato uwar Baba, ta iso da ɗan ƙullin kayanta a ka. Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, kuma ba ta iya zama haka kawai ba. Kafin mako ya zagayo ta samo rabin duro, ta shiga yin gumi: ta jiƙa shinkafa da ɓawonta, ta turara, ta shanya, sannan a kai inji. Da ɓuntun da ake zubarwa a bayan inji take hura wuta. Wutar ɓuntu ba ta da harshe, ci take a hankali, hayaƙinta na shiga ido. Da an ci tuwo sai mu kewaye duron, ni da ƙannena biyu da jikokin Iya Falmata, kowa da doyarsa a cikin toka. Kaka da yarenmu na Eggon take addu'a, da shi take faɗa, amma labari da Hausa take bayarwa don kada yaran maƙwabta su ji an ware su. Hausar tata ba ta san mace da namiji ba, sai ta ce "yarinya ya tafi". Mu yi ta dariya, ta ce mu bar ta, da wannan Hausar ta aurar da 'ya'ya biyar.

Ranar da ba na mantawa, Mama ta dawo daga kai wa Baba abinci idonta ya kumbura. Ta ce ƙafarsa ta fara ruwa. Ta tsaya a kan Kaka ta ce, "Kaka, gobe zan roƙe shi ya sa hannu. Gona ba ta fi rai ba." Kaka ta koma kan duronta. Ta juya shinkafarta, ta rufe da buhu, ta zauna a kan turmi ta dube mu.

"Ku kwance kunne, ga wani abu tafe da ƙafa."

Muka amsa yadda ta koya mana: "Ya shigo, akwai wuri."

Ta ce a wani gari an yi rijiya ɗaya tak, kuma wani ƙaƙƙarfan mutum ya tara samari ya kewaye ta da ƙaya, ya sa ƙofa, ya kira kansa Mai Rijiya. Ba ya karɓar komai a hannun kowa. Abin da yake so shi ne duk wanda zai ɗebi ruwa ya durƙusa ya ce, "Da ikonka nake sha." Mutane suka ga kalma huɗu ce kawai, suka riƙa faɗa. Dattawa suka faɗa, maharba suka faɗa. Sai wata mata mai ginin tukwane, Laraba, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da yara uku. Ta zo da tulunta ta tsaya ƙyam. Aka ce ta durƙusa. Ta ce, "Guga naka ne, igiya taka ce, ban musa ba. Amma ruwan, yaushe ka zuba shi?" Mai Rijiya ya sa aka fasa tulun a gabanta.

Ta koma gida ta haƙo yumɓu a bayan ɗakinta, ta gina wani tulun. Ta dawo, aka fasa. Ta gina wani, aka fasa. Ruwan da za su sha sai ta yi tafiyar rabin yini zuwa wani kududdufi da shanu ke shiga, ta ɗebo a ƙwarya. Awakinta suka mutu. Dangin mijinta suka zo suka ce, "Ke, faɗa da baki mana, zuciyarki ai taki ce." Ta ce ita ba ta iya raba su ba, abin da ta faɗa yau yaranta za su ɗauka gaskiya ne gobe.

A nan Kaka ta sauya murya. Ta ce Laraba ba irin masu addu'a a hankali ba ce. Takan shiga ramin yumɓunta, ta ɗaga kai sama ta ce, "Ubangiji, kana gani ko? To ina nan. Ba zan durƙusa masa ba, kai ma ba zan sake ka ba." Kaka ta faɗi wannan tana nuna sama da muciya, har Iya Falmata da ke tsintar wake a ƙofar ɗakinta ta ce, "Haka ne, Kaka. Ruwa na Allah ne."

Sai autan Laraba ya kwanta ciwon ciki saboda ruwan kududdufi. Muka jira mu ji ya warke. Kaka ta ce ya mutu.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Kaka, ba haka ake yi ba! To ina Allah yake?"

"Zauna, Rahila."

"Idan Baba ya mutu a can fa?"

Mama tana tsaye a bakin ƙofa, na ga ta kama ƙyaure. Kaka ta daɗe tana kallon duron. Sai ta ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi a gindin ɗorawa, ba kowa kusa. Kina tsammani kin fi ni tsoro? Ban san abin da ya sa Allah yake daɗewa ba, ban taɓa sani ba. Abin da na sani, bai taɓa komawa gefen mai zalunci ba, ko sau ɗaya. Ƙara ɓuntu, wuta za ta mutu."

Na ƙara, ina kuka. Ta ci gaba.

Laraba ta binne ɗanta, washegari ta shiga rami, don an sake fasa mata tulu. Tulu nawa aka fasa, Kaka ta ce ba a ƙirga ba, amma kowane ɗaya sai an haƙo masa sabon yumɓu, har ramin ya wuce tsayin mutum uku, sai da igiya take sauka. Ran nan ta kafta fartanya, ta ji ƙasa ta yi laushi. Ta sake kaftawa, ruwa ya taso ya rufe mata idon sawu, mai sanyi, garai-garai. Ashe duk tulun da Mai Rijiya ya fasa, shi ne yake tura ta ƙasa.

Ba ta sa ƙaya ba, ba ta sa ƙofa ba. Mata suka fara zuwa a ɓoye, sannan a fili. Samarin Mai Rijiya ma suka gaji da gadin ƙofar da ba mai shiga, suka watse. Rijiyar da ba a ɗiba kuwa lalacewa take, tasa ta yi kore ta fara wari. Rana ɗaya sai ga shi da kansa, leɓe a bushe, ya iso gaban Laraba zai kai gwiwa ƙasa. Ta daka masa tsawa: "Tashi! A nan ba a durƙusa wa kowa." Ta cika ƙwarya ta miƙa masa, ya sha a tsaye, jama'a na kallo.

Kaka ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Abin ya juya ya tafi, wanda ya ji ya riƙe nasa."

Mama ta ce daga bakin ƙofa, "Kaka, tatsuniya ba ta warkar da ƙafa."

"Ba ta warkarwa. Gobe ki tafi masa da man kaɗe da tsumma mai tsabta. Amma kada ki kai masa hawaye, yana da nasa."

Sai da na girma na gane ba don mu aka ba da labarin nan ba. Mama ta tafi washegari. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, amma ba ta roƙe shi ba. Ta ce da ta buɗe baki sai ta ji kanta tana cewa, "Yara lafiya, doya ma za mu sake shukawa."

Wata biyu ya yi a ciki. Dattawan cocinmu suka yi ta zirga-zirga ana juya su, sai mijin Iya Falmata, tsohon ma'aikacin kotu, ya sa babbar rigarsa ya shige musu gaba, shi ya tsaya aka ba da beli. Baba ya dawo a rame, yana ɗingishi, kuma da ɗingishin ya ƙare rayuwarsa. Shari'ar gona ta ci shekaru. Abin da ya dawo hannunmu bai kai rabi ba, Kaka ma ba ta gani ba. Na yi shekaru ina jin haushin wannan. A ganina Laraba ta samu rijiya, mu kuwa mun samu gurguwar ƙafa da guntun fili.

Na yi karatun jinya, na samu aiki a wani asibiti mai zaman kansa a nan Lafia. Bara, wata safiya, aka kawo wani lebura mai suna Bulus daga wata babbar gona ta wajen Shabu. Bayansa duk shatin bulala, haƙarƙari biyu a karye, wuyan hannunsa da alamar igiya. Ya ce yaran mai gonar ne suka ɗaure shi a kan zargin satar taki. Ni na karɓe shi, na rubuta a katinsa abin da idona ya gani. Da azahar mai asibitin ya kira ni ofis. Mai gonar abokinsa ne. Ya ajiye sabon kati a gabana ya ce, "Sista Rahila, faɗuwa ya yi daga kan babur. Layi ɗaya ne. Rubuta ki koma bakin aikinki."

Ba zan yi ƙarya ba, na ɗauki biron. Yarana uku suna makaranta, albashin mijina na koyarwa ba ya kai mu ƙarshen wata. A zuciyata na ce, Yesu, kana gani ko? Ban ji wata murya ba, ban ga wani haske ba. Tsoron ne kawai na ji ya sauka daga ƙirjina, kamar an karɓi kaya daga kaina. Na ajiye biron na ce, "Likita, babur ba ya ɗaure mutum da igiya."

A ranar aka sallame ni.

A nan na fahimci inda na yi kuskure tun ina yarinya. Na ɗauka ceto shi ne ranar da ruwa ya ɓullo, ko ranar da aka buɗe wa Baba ƙofa. Waɗannan suna zuwa, wani lokaci a makare, wani lokaci rabi, wani lokaci bayan an binne wanda ya fi kowa jira. Amma akwai wanda yake riga su isowa, shi ne lokacin da Allah ya ƙwace ka daga hannun tsoro alhali kana tsaye a gaban mai iko, bai ragu da komai ba. Daga nan zai iya korarka, zai iya kulle ka, amma ba zai iya sa ka kira ƙarya gaskiya ba. Baba ya riga ya fita tun yana ciki, mu ne ba mu sani ba.

Yau wata tara ke nan ina gida. Ina soya ƙosai a bakin layinmu da safe, mutanen unguwa kuma suna kawo mini yara in duba zazzaɓi. Akwai ranakun da nake faɗa da Ubangiji da babbar murya a kicin har mijina ya leƙo. Bulus ya warke, 'yan'uwansa sun kai ƙara, an kuma rubuta sunana cikin shaidu.

Makon jiya wata mota ta tsaya a gaban kaskona. Mai asibitin ne. Ya sauke gilashi ya dubi hayaƙin, ya dubi zanina, ya ce, "Sista, dubi yadda kika koma. Kujerarki tana nan. Ki ce kin manta abin da kika gani, shi ke nan, ranar Litinin ki dawo."

Na juya ƙosaina tukuna, don kada ya ƙone. Sannan na ce, "Ranka ya daɗe, Litinin ba zan samu dama ba. Ina kotu."