Gayyar da muka kai gonar da ba ita ba

Akwai wata ranar farkon damina da ko na tsufa haƙora sun zube ba za ta fita raina ba. Lokacin ina aji na biyu a kolej a Buza, wanda muke kira sankiyam, kuma duk ajin an san ni da baki. Ba faɗa nake so ba, abin haushi ne ba na iya gani in yi shiru.

Dokar makarantar kowa ya haddace ta. A ƙarshen shekara malamai za su zauna su haɗa makin kowane ɗalibi. Mai goma bisa ashirin ya wuce aji na gaba. Wanda ya gaza kaɗan ya maimaita. Wanda kuwa ya riga ya maimaita ya sake gazawa, kora ce, babu roƙo babu magiya. Sannan duk wanda bai zo jarrabawa ba, in ba da takardar likita ba, ziro za a dangwala masa.

A ajinmu akwai wani dogon yaro daga wani ƙauye a hanyar Karofane, yana zaune gidan ɗan'uwan babansa a gari. Mu mun tarar da shi a ajin ne, don yana maimaitawa. Mutum ne mai shiru, in tebur ya karye shi ke gyarawa, in an yi faɗa shi ke rabawa. Ƙoƙari yana yi iyakar yinsa, amma lissafi ya tsaya masa a wuya, makinsa na rabin shekarar farko kuma bai cika goma ba. Jarrabawar ƙarshe ce kaɗai ta rage masa, ko ya wuce ko ya koma ƙauye ke nan.

Ana cikin jarrabawar sai ga ruwan shuka. Muka wayi gari ƙasa ta jiƙe sharkaf, ko'ina ƙamshi, mutane na ta ficewa da sungumi a kafaɗa. Duk wanda ya tashi a Adar ya san laimar farko ba ta jiran kowa, in ka yi sake ta bushe sai ka zauna kallon na wasu yana tsiro. Da muka fito daga jarrabawar safe na hangi dogon nan yana ɗaure littattafansa da igiya. Na tambaye shi ina zuwa, ya ce gida. Babansa ya tafi bida, wato neman kuɗi, tun bayan girbi bai dawo ba, innarsa tana jego, shi ne babba. In bai je ba babu mai shuka musu. Na tuna masa gobe lissafi ne, ya ce ya sani. Na ce ziro fa, ya ce wannan ma ya sani. Yadda ya faɗe ta a sanyaye shi ya fi ɓata mini rai.

Nan na hau tebur na tara ajin, na ce gayya za mu yi. Shi ya zauna gari, yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a lissafi ta tsare shi da karatu gindin itacen bedi har magariba, mu kuma mu je mu shuke gonar. Aka yi ta tafi. Sai dai da aka zo tafiya, duk waɗanda suka san noma suka ba da haƙuri, don su ma iyayensu na jiransu a gona. Waɗanda suka rage su ne waɗanda gidansu babu gona: ɗan jandarma, ƴaƴan ma'aikatan likita, ɗiyar mai gidan waya, da ni ɗiyar tela. Yau in na tuna wannan runduna dariya nake yi, amma ranar ji muke babu kamarmu.

Dogon ya fara kwatanta mana gonar, sai ɗan jandarma ya katse shi. Wai ya san ta, ai ya taɓa raka shi cin tumu da kaka, gona ce mai gawo a tsakiya kusa da kori, wato kwarin da ruwan damina ke bi. Dogon ya ce haka ne. Ya so ya ƙara magana, na kore shi na ce ya je ya ji da lissafinsa.

Muka isa ƙauyen bayan azahar. Innarsa ta tarbe mu a ɗaki da jaririya a cinya, da ta ji abin da ya kawo mu sai hawaye. Ta jawo buhun irin da ta ɓoye tun bara ta ba mu, maƙwabta suka ara mana sungumi. Ta so ta nemo mai raka mu, amma ƙauyen babu kowa sai tsofaffi, ɗan jandarma kuma ya sake bugun ƙirji. Ya shige gaba muna biye, har ya tsaya gaban wata gona mai gawo ya ce mun iso.

Aikin da muka yi ranar, Allah kaɗai ya san irinsa. Maza na gaba suna sara, mu mata muna biye muna zuba iri muna rufewa da diddige. Layinmu ya tashi gabas ya ƙare kudu. Wata ta zuba iri cikin rami ɗaya kamar za ta ba kaji. Ɗiyar mai gidan waya ta ƙi cire takalminta mai tsini har laka ta cire mata shi. Hannuwa suka yi bororo, amma muna waƙa muna dariya, babu wanda ya ce ya gaji.

Muna tsaka da haka wani tsoho ya iso bisa jaki. Ya tsaya ya dube mu, ya sauka, ya ɗaure jakin, ya zauna gindin gawon. Ya yi mana sannu da aiki, muka amsa. Can ya ce mu ƙara tazara, hatsi bai son matsi. Da ya ga layin ya karkace ya tashi ya nuna mana yadda ake saita shi da wani dutse. Har goran ruwansa ya miƙo mana. Na ce a raina wannan ƙauye akwai mutanen kirki.

Rana ta yi sanyi muka kai ƙarshen gonar, buhun ma ya ƙare. Na je na durƙusa gaban tsohon cike da alfahari na ce ya zama shaida, mun shuke wa innar abokinmu gonarta. Na faɗi gidan. Tsohon ya dube ni, ya dubi gonar.

"Ɗiyata, gonar wa kunka ce? Tata tana can ƙetaren kori. Wagga tawa ta."

Na waiga, can hayin kori kuwa ga wani gawon tsaye a tsakiyar wata gona da ko sara ɗaya ba a yi mata ba. Na ce, "To baba, mi ya hana ka hwaɗi tun ɗazu?"

"Wa yat tambaye ni? Ni na aza furojen taimakon manoma na ya aiko ku."

Sauran suka fashe da dariya, ni kuwa na juya kan ɗan jandarma. Abin da na faɗa masa ranar ba zai rubutu ba, har yau in mun haɗu yakan tuna mini. Daga faɗa sai kuka ya ƙwace mini, don na ga abin da ke gaba. Irin matar ya tafi cikin gonar wani, rana ta kusa faɗuwa, kuma in dogon ya ji labari da asuba zai kamo hanya. Mun zo ceto, mun ƙara jefa shi rami.

Tsohon ya bari na yi mai isata, sannan ya tambayi dalili. Na zayyana masa dokar tun daga goma har kora. Ya girgiza kai ya ce shi bai taɓa jin alƙalin da ba ya sauraron uzurin ruwan shuka ba. Sannan ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Ku tahi gida. Kun yi mini tawa, ko da a karkace. Gobe ni da ɗiyana muna yin tata, da irina. Ku ce ma yaron ya zamna ya yi lissahinshi. In nig ga ƙahwatai garin ga, ni da shi na."

Da muka koma wasu suka ce a ɓoye wa dogon, na ce a'a. Na faɗa masa komai. Ya tambayi kamannin tsohon. Da na kwatanta shi ya ce ya gane shi, mutum ne mai tsauri, amma ba a taɓa jin ya faɗi magana ya canza ba. Duk da haka washegari a ɗakin jarrabawa rabin hankalinsa na taga. Ni ma nawa yana kansa, har mai tsaronmu ya ce in na sake waigawa zai karɓe takardata.

Muna fitowa muka tarar da jaki a ƙofar makaranta, tsohon na zaune a kai, ƙafafunsa duk busasshiyar laka. Bai ko sauka ba. Ya ce da dogon an gama tun hantsi, innarsa na gaishe shi. Sannan ya tambaya ko an ci lissafin. Dogon ya ce sai malamai sun zauna. Tsohon ya ce to Allah ya sa su fi mu iya saita layi, ya juya jakinsa.

Ranar faɗin sakamako aka tara mu a fili, daraktan makaranta na karanta suna da maki. Nawa ma ban ji shi sosai ba. Da aka zo kan dogon aka ce goma da ɗan ɗigo, ya wuce katiriyam, wato aji na uku, ajinmu ya kaure da ihu har sai da aka tsawata mana. Shi kuwa zama ya yi a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu, wannan ƙaton da ban taɓa ganin hawayensa ba. Da ɗan ɗigon nan ya ci gaba har ya gama, yanzu malami ne a wani ƙauye wajen Keita.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, doka ba ta san an yi ruwa ba, ba ta san wa ke jego ba, maki kawai take gani. Mutanen da ke kewaye da yaro su ne suka sani, kuma su ke iya tare masa abin da zai kayar da shi. Mu ba mu iya komai ba, gonar ma ba mu gane ba, amma da mun zauna muna jiran sai mun iya, da an kore shi.