Zuwa Mokolo Sau Ɗari Saboda Maɓalli

Shekarun baya, ina shekara ta biyu a karatun kwamfuta, na yi wa mahaifina cika baki. Shi tela ne a unguwar Briqueterie, kuma awon duk masu kawo masa ɗinki yana cikin wasu tsofaffin littattafai da shi kaɗai yake iya karanta rubutunsu. Na ce zan haɗa masa manhaja, dannawa ɗaya awo ya fito. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To. In ta yi aiki kafin Sallah, ka ci gaba da bokonka. In ba ta yi ba, ga keken ɗinki can na ajiye maka." Baba kuwa ba ya faɗin irin wannan magana da wasa.

Na yi amfani da abin da ake kira ORM, wato tafinta tsakanin manhaja da rumbun bayanai. Kai dai ka ce masa "kawo mini sunaye", shi zai juya maganar zuwa SQL, yaren da rumbun yake ji, ya je ya ɗauko. Na gwada da mutum biyar, abu ya fito nan take. Har tafiyata sai da ta canza a layinmu.

Daga nan na zuba littattafan gaba ɗaya a ciki. Ana saura mako biyu Sallah, shago ya cika maƙil, wani Alhaji daga unguwar Tsinga ya kawo shadda yana sauri. Na danna. Shiru. Kafin allon ya motsa, Baba ya lashi yatsa, ya buɗe littafi, ya samo awon, har ya sallami mutumin. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga keken nan a kusurwa yana jira na.

Bayan la'asar, da mutane suka ragu, Baba ya nuna kwamfutar ya ce, "Wai me ordinateur ɗin naka yake yi tun ɗazu?" Na buɗe inda ake ganin saƙonnin da tafintan ke aikawa rumbu. Ashe jerin sunaye yake ɗaukowa sau ɗaya, sannan a kan kowane suna ya sake komawa ya ɗauko awon mutum guda. Na yi wa Baba bayani, muryata ƙasa-ƙasa.

Ya ajiye almakashi. "Wato in ina son maɓalli ɗari, sai in je kasuwar Mokolo sau ɗari? Kai! Tun kafin a haife ka takarda ɗaya nake rubutawa, in je sau ɗaya in kwaso. Wannan ɗan aiken naka ba ya da wayo."

Ɗan aike ba shi da laifi, ni ne ban iya aike ba. Layi ɗaya tak na ƙara, na umarce shi ya haɗo suna da awo a tafiya guda. Na danna. Kafin in ɗage yatsa komai ya bayyana. Ihun da na yi sai da mai tsiren da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo. Baba bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Voilà, shi ke nan."

Har aka yi Sallah ba a sake taɓa littafi ba. Duk wanda ya yaba, sai Baba ya nuna ni da almakashi ya ce, "Ni na gyara masa." Ban taɓa musawa ba.

Yau da wannan aiki nake ci, kuma in manhaja ta yi nauyi, abin da nake fara dubawa shi ne sau nawa take zuwa kasuwa. Amma babu yabon da ya kai mini na ranar da na shiga shago bayan Sallah, na tarar Baba ya kwance kan keken da ya ajiye mini, ya goge teburin tas, ya ɗora kwamfutar a kai.