Baba Filogi da Jar Alama

Duk layin masu gyara babu wanda bai san Baba Filogi ba. Gyaran janareta ne sana'arsa tun gashin kansa na baƙi, kuma da kunne yake aiki. In aka kawo inji, sai ya ja ƙofar shago ya rufe don kada hayaniyar titi ta dame shi, ya tayar da injin, ya durƙusa ya kara kunne, da karan sigari a gefen baki. Ga kafiyar tsiya. In ka ce masa hadari ya taso, lokacin zai fitar da tabarmarsa waje.

Abin da ya gagari likitoci da matarsa, jariri ne ya yi shi. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta haifi yaro mai ciwon ƙirji, likita ya ce ko warin taba kada ya kusance shi. Ranar nan Baba ya murƙushe kwalin sigarinsa ya jefa a kwata. Ya sha wuya, ya yi faɗa da kowa a layin, amma bai koma ba.

Sai dai Auta ta sha jin "na daina" daga bakin ubanta. Ta karɓo wani ɗan abu daga asibiti, bai fi tsawon yatsa ba, ana haɗa shi da waya. Mutum ya riƙe numfashi ya hura, wayar ta auna gubar hayaƙin da ke jikinsa. Kore, ba ka sha ba. Ja, ka sha.

"Ranar da ta nuna kore, Baba, da hannuna zan ɗora maka jikanka a cinya," in ji ta.

Kullum ya taso daga shago sai ya biya gidanta ya hura, kullum ja. Jikan nasa kuwa sai leƙe daga bakin labule.

"Baba, don Allah ka faɗa min gaskiya."

"Ke! Ni zan yi miki ƙarya? Ni da na goye ki a wuyan nan?"

"Waya ba ta san ka ba, balle ta yi maka sharri."

Maganar nan ta ci masa rai ƙwarai. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya miƙo masa karan sigari ɗaya, ya ce tunda ko ya sha ko bai sha ba ja ce, ai gara ya sha ya huta.

"Mayar da abinka," in ji Baba. "Ba don waya na bari ba. Zan yi ta hurawa har ta gaji."

Wata rana matarsa ta kawo masa abinci shago, ta zauna jiransa yana fama da wani ƙaton inji, ƙofa a rufe. Kanta na sarawa suka nufi gidan Auta tare. Ya hura, ja. Matar, wadda ta gama binciken aljihunsa ba ta ga komai ba, ta fizge abin.

"Kawo nan in ga ƙaryar tsiya!"

Matar da ko ashana ba ta taɓa kai wa baki ba, ta hura, ita ma ja.

"Mama, a ina kika yini?"

"Shagon ubanki mana."

Auta ta dafe baki, hawaye ya zubo mata. Ashe hayaƙin injin ne. Baba bai yi mata gori ba. Sai ya tuna ciwon kan da yake kwana da shi shekara da shekaru, yana ɗora wa sigari laifi.

Washegari ya kwance ƙofar shagon gaba ɗaya, ya jawo injinan waje. Tela ya fito yana ƙorafin ƙara.

"Kai ni ƙara in ka ga dama," in ji Baba. Yanzu sai ya yi ta zagin motoci kafin ya ji abin da inji ke faɗa, amma bai mayar da ƙofar ba.

Ranar da wayar ta nuna kore, Auta ta juyo masa ita don ya gani. Ko kallo bai yi ba, hannuwa ya miƙa.

"Ba ni mutumina."

Yaron ya cafki gemunsa ya riƙe gam. Baba ya sunkuya ya raɗa masa a kunne, "Kai dai ka zama shaidata. Tun ranar da ka zo ban sha ba."