Ranar da Na Kai Falmata Asibiti a Birnin Kudu

Gwaram, da asuba

Muna idar da sallah muka fito, ni da Falmata. Na zaɓi lokacin ne don mu riga 'yan acaɓa fitowa, domin ƙarar babur ita ta fi tayar mata da hankali. Falmata Babarbariya ce daga gefen tafkin Cadi. Mahara a kan babura suka shiga garinsu, suka kashe mijinta tana kallo, ta gudo har Allah ya jefo ta Gwaram. Na ba ta ɗaki a gidana, tana taya ni suyar ƙuli-ƙuli.

Da farko mugun mafarki ne kawai da firgita. A daminar bana abin ya canza. Ta fara jin muryoyin maharan da rana tsaka, suna kiran sunanta, suna cewa sun gano inda take. Ta daina zuwa rijiya, ta toshe tagarta da tsumma. An yi addu'a, an sha rubutu, jikin sai gaba yake yi. Wata ma'aikaciyar jinya da ke sayen man gyaɗa a wurina ta ce in kai ta Birnin Kudu, akwai likitocin irin wannan ciwo.

Tun jiya na yi wa Malam Sale direba bayani. Ya ajiye mana wuri kusa da taga a ƙaramar bas ɗinsa, da muka shiga ya kashe rediyo.

A hanya

Tafiyar kamar ta awa guda ce. Gari ya waye, gero da dawa sun yi kore shar dama da hagu. Falmata ba ta kalli komai ba, wuyan hannuna ta riƙe. Can ta matso ta raɗa min:

"Inna, na bayanmu ɗin nan, shi ya nuna musu gidanmu."

Na waiwaya. Wani tsoho ne mai zuwa Yalwan Damai da kajinsa a kwando, yana gyangyaɗi.

"Mai kaji ne, Falmata. Ba ki taɓa ganinsa ba."

Riƙon dai ya ƙara ƙarfi.

Mun kusa Birnin Kudu muka tarar da shingen 'yan sanda. Tana hango bindigogi ta zame ƙarƙashin kujera, tana magana da Barbarci da ƙarfi, tana laluben ƙofa. Na danne ta da jikina. Wani ɗan sanda ya leƙo.

"Direba, kashe mota. Wa kuke ɓoyewa?"

Malam Sale ya ce, "Yallaɓai, marar lafiya ce, asibiti za a kai ta."

"Marar lafiya ce take neman gudu? Hajiya, 'yarki ce?"

Na ce a'a, a gidana take. Ya ce to ta yaya zai san ba sato ta aka yi ba, ga shi ko yarenmu ba ɗaya ba? Sai ita ta faɗa da bakinta, in ba haka ba duk mu wuce ofis.

Kwana biyu da suka wuce ni kaina ta ce na haɗa baki da maharan. Idan ta maimaita yanzu fa?

Ya sunkuyo. "Baiwar Allah, kin san matar nan?"

Idon Falmata yana kan bindigarsa. Ɗan sandan ya lura, ya mayar da bindigar bayansa, ya ja da baya kaɗan. Ya sake tambaya a hankali. Sannan ta ce:

"Inna ce. Ita ba ta cikinku."

Ya tsaya yana kallonta, sannan ya ɗaga wa abokin aikinsa hannu aka janye itacen da suka tare hanya da shi. "Allah ya ba ta lafiya," ya ce.

Birnin Kudu

A bakin asibiti na saya mana koko da ƙosai, ta kurɓi kaɗan. Muka yanki kati, muka zauna a layi har hantsi ya ɗaga. Da aka kira mu ta toge a ƙofa.

"Ɗaure ni za ku yi?"

Likitan, wani mai furfura a gemu, ya ce babu mai ɗaure ta, kuma a bar ƙofar a buɗe in ta fi so. Ya tambaye ta me muryoyin ke cewa. Ta yi ta ba shi labari, har da abin da ban taɓa ji ba, cewa tana da goyo ranar da ta gudo, a daji ya rasu. Ni na yi kukan, ita ba ta yi ba.

Ya ce abin da ta gani ne ya ji wa ƙwaƙwalwarta ciwo, kuma ya duba da yawa masu irinsa. Ya rubuta magani, ya ce muryoyin ba za su ɗauke rana ɗaya ba, mu riƙa dawowa ana zama da ita, kada kuma a bar ta ita kaɗai.

Komawa gida

Bayan azahar muka sake samun motar Malam Sale. An tashi daga shingen, Falmata kuwa ta yi barci a kafaɗata har Gwaram. Muna shiga gida ta tsaya cak a tsakar gida, ta karkata kai.

"Inna, kin ji ana kirana?"

"Ban ji ba."

"Ni na ji. Amma daga yau zan riƙa tambayarki. Ki riƙa gaya min gaskiya."

Na ce na yi alkawari.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Malam Sale, da ɗan sandan nan da ban san sunansa ba. Wanda ya karanta wannan, ya sa Falmata a addu'a.