Sakatariya da Kekunanmu Arba'in

Akwai halin da na tsana a wurin manya: su raina mai aiki don ba shi da ƙarfin murya. Wannan hali ya kusa raba mu da kekunan ɗinkinmu arba'in. Wadda ta tare mana ita ce Sakatariyar ƙungiyarmu ta teloli, da za ta ajiye aiki ƙarshen watan nan bayan shekara ashirin da shida.

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ofis, wani ɗan ɗaki a bayan rumfar ɗinki, taga ɗaya da fanka mai kuka. Ta share ƙyallayen da iska ta turo ta ƙarƙashin ƙofa, ta goge tabarau da bakin mayafi, ta yaye zanen da take rufe kwamfuta da shi. Sai karɓar kuɗin mako, kowa da rasit ɗinsa, ko da ƙaninta ne.

Ba da kwamfuta ta taso ba. Tana da shekara hamsin da ɗaya ta biya kuɗin makaranta daga aljihunta, duk Asabar ta zauna cikin sa'o'in 'ya'yanta tana koyon teburin lissafi, wanda ake jerawa gida-gida a ɗaura wannan da wancan, in ka taɓa lamba ɗaya sauran su gyara kansu. Da yatsa biyu take bugawa. Mataimakin shugabanmu, da muke kira Ɗan Gayu, in ya leƙo sai ya ce, "Goggo, kazar na nan na cin tsaba?"

Ta ce, "Tana ci, ɗana. Kai dai kawo kuɗin mako, biyu ake binka."

Bara waccan wani dillali ya zo mana da hoton injin surfani mai kai shida. Bashi za a ba mu, mu biya wata-wata har shekara biyu, jingina kuwa kekunanmu. Ɗan Gayu ya yi lissafi a bayan kwalin zare, ya fito da riba mai sa a haɗiyi yawu. Ga inda muka zame: tela in ka tambaye shi abin da yake samu a wata, watan komawa makaranta yake tunawa, lokacin da kayan ɗalibai ke kai rufi. Wannan watan aka ninka sau goma sha biyu, duk muka gyaɗa kai.

Sakatariya ta roƙi kwana uku. Ta zazzago rasit na shekara biyar, ta ba kowane wata gidansa: abin da ke shigowa, kuɗin wuta, zare, makaniki, da biyan bashi. Ran taro, shugaba har ya cire wa biro hula zai sa hannu, ta juyo mana da fuskar kwamfuta. Wata bakwai sun yi ja wur, alamar abin da ke shigowa ba zai kai biyan bashin ba.

Ɗan Gayu ya ce, "Wannan ai tsoro ne kawai. Inji na zuwa aiki zai ƙaru."

"To faɗi yadda zai ƙaru, in sa maka."

"Sa kwata."

Ta sa. Ja ya koma biyar.

"Sa rabi!"

Ta sa. Saura uku, a jere, duk a tsakiyar damina.

Ta dube shi ta saman tabarau. "Takardarsu ta ce wata uku a jere in ba a biya ba, kekuna sun zama nasu. Shafi na huɗu. Ka kai can kuwa?"

Shugaba ya mayar wa biro hularsa, ya sa a aljihu.

Ba ta bar mu haka ba. Ta buɗe wani shafi ta nuna mana ƙaramin inji mai kai ɗaya, da za mu saya da ajiyarmu cikin wata goma sha huɗu. Yana nan yanzu yana aiki, ba mai bin mu ko zare.

Ke ce kika yi wannan, Sakatariya. Ke kika jure dariyar yara a aji da shaguɓen manya a ofis, ba ki taɓa ɗaga murya ba. Gida arba'in suna ɗora tukunya yau saboda yatsun nan biyu. Mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya ba ki hutu mai daɗi.

Ta ce ko ta tafi za ta riƙa zuwa ran Asabar tana koya wa duk mai so. Ku je. Kada furfura ta hana kowa, kada kuma a sake yi mana lissafi a bayan kwali.

Ɗan Gayu kuwa bai ji ba. Ya bi dillali ya ci bashin shi kaɗai. Kafin damina ta ɗauke, injin ya tafi, kekunansa uku sun tafi, babur ɗinsa ya bi su, kuɗin wata biyar da ya riga ya biya ba a mayar masa da ko kaɗan ba. Yanzu keken aro yake takawa.