Ranar da Yaya Hajara Ta Kira Sunan Ɗanta

Boko

Ana sallame sallar asuba muka bar ƙauyenmu Boko, ni da yayata Hajara, a kan babur ɗin wani maƙwabcinmu. Ni a tsakiya, ita a baya, ta rungume wata gorar ruwa a cikin hijabi kamar jariri. Dawa ta yi kai a gonaki, ta rufe hanya hagu da dama, kuma a shekarun nan ba mai son doguwar dawa a bakin hanya.

Abin da ya fito da mu shi ne ɗanta na fari, Nura, mai gyaran waya a Kankiya. Ranar zai shiga gasar rubuta wa kwamfuta umarni, kuma waɗanda suka zo kan gaba za a ɗauke su zuwa Abuja a horar da su, a ba su aiki. Tun da 'yan bindiga suka harbe ubansa a gona bara waccan, Nura bai sake kwana a Boko ba. Ni ya faɗa wa ƙudurinsa: idan wannan ba ta yiwu ba, bayan girbi zai bi abokansa ta Maraɗi zuwa Agadas, su haye sahara. Da na kai wa Yaya maganar ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, “Yaushe ne abin yaron nan?”

Haka take ce masa, yaron nan. Ɗan fari ne, kuma Yaya irin matan da ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kakarsa ce ta raine shi, in ya shigo tsakar gida ita sai ta sami aikin yi a madafi. Ni dai na sha yi mata tsiya a kan haka, tana ce mani marar ta-ido.

Kusada

A tashar Kusada muka jira mota ta cika. Na sayi koko da ƙosai, Yaya ta ce azumi take yi. Direban, wani mutumin garin Ƙofa mai surutu, ya tambaye ni ko asibiti za mu.

“A'a, gasa za mu kallo,” na ce.

“Dambe ko musabaƙa?”

“Ta kwamfuta.”

Ya juyo ya dube ni. “Yo mi ake kallo a nan, Malam? Mutum na danne-danne kai kana zaune? Ai gara ka kalli mai saƙar tabarma, ko ba komi ka ga tabarma.”

Motar ta yi dariya, ni ma na yi, don a raina tambayar da nake yi ke nan. Kafin mu hau babban titi muka tarar da shingen 'yan sa-kai, sun gindaya itace. Ɗayansu ya leƙo da bindigar toka a kafaɗa, ya nuna abin da ke cikin hijabin Yaya.

“Inna, mi ne ne nan?”

“Ruwan tohi ne,” ta ce. “Kwana na yi ina karanta mashi.”

Ya janye kai, ya ce Allah ya ba mai shi lafiya. Ba mu gyara masa ba.

Kankiya

Mun isa da hantsi. Wurin wata cibiyar koyon kwamfuta ce a bayan kasuwa, ta wani Malam Bashir. Masu gasar suna ɗakin ciki, kowa da kwamfutarsa da kyamara a kunne tana kallonsa, domin alƙalan suna can nesa suna lura da su ta intanet. Mu kuma aka jera mana benci a rumfa, aka rataye babbar talabijin da aka aro daga gidan kallon ƙwallo. Akwai tagar gilashi tsakaninmu da su. Malam Bashir so yake mutanen gari su saba da abin, har ya gayyato samarin gidan ƙwallon.

Nura ya fito ya durƙusa. “Kawu, kun sha hanya. Inna, ina kwana.”

Ta kau da kai ta ce lahiya. Gorar tana hannunta, amma mutane sun yi yawa, kunya ta hana ta miƙa masa. Aka kira su ya koma ciki.

Malam Bashir ya yi bayani da sauri, rabi Hausa rabi Turanci. Za a ba su tambayoyi na lissafi da dabara, kowa ya rubuta wa kwamfuta yadda za ta warware, ya tura. In ya dace, gidan sunansa a talabijin ya yi kore, in ya kuskure ya yi ja. Ya ce ba shiga, ba magana da su. Yaya tana can ƙarshen benci wajen mata biyu, ban tabbata ta ji ba, ni kuma ban je na maimaita mata ba. Wa zai zaci matar da ba ta iya kallon ɗanta ido da ido tana bukatar wannan gargaɗin?

Farkon abin direba ya yi gaskiya. Jerin sunaye ne kawai daga garuruwa daban-daban, ba abin da ke motsi. Ta taga sai ƙeyoyi da kafaɗu. Samari suka fara hamma, wani ya ce ko dara ta fi wannan, wasu suka fice shan rake. Ni kaina na gyangyaɗa.

Sai kore ya fito gaban sunan Nura, sunan ya yi tsalle ya haye mutum goma sha. Wani ya ce, “Kai, namu ne fa.” Waɗanda suka fita suka dawo. Nan da nan kowa ya gane dokar: kore sama, ja azaba. Aka sami abokiyar hamayya, wata yarinya daga Zariya da ke biye da shi, in ya hau ta hau. Wani yaro mai faɗin baki ya miƙe yana sharhi kamar a rediyo. Da azahar ta gabato Nura yana cikin waɗanda za a ɗauka, amma a bakin layi, a kan tambaya ta ƙarshe.

Ya tura, ja. Ya sake, ja. Yarinyar Zariya ta haye shi, rumfa ta yi tsit. Ya tura na uku, ja. Ta taga na ga ya cire hannu daga kwamfutar, ya dafe kai da hannu biyu. Haka na gan shi ranar da aka kawo gawar ubansa a amalanke.

Daidai nan janareta ya fara tari, Malam Bashir da ke tsaron ƙofa ya ruga baya ya duba. Duk idonmu na kan talabijin. Da na waiga taga, Yaya tana cikin ɗakin.

Ta dafa kansa. Ta sunkuya ta kai bakinta kunnensa tana karanta addu'a, ta tofa masa, ta buɗe gorar ta kafa masa a baki. Ƙofa a buɗe take, na ji ta da kunnena ta ce, “Nura, sha. Nura, ɗago kanka.” Shekara ashirin da 'yan kai, ranar na fara jin sunan nan a bakinta. Ya ɗago yana kallonta kamar bai san ta ba, ya sha. Kafin in kai ƙofa ta fito da kanta, ta koma mazauninta ta ja hijabi ta rufe fuska.

Ba a jima ba kore ya fito. Rumfa ta kaure da ihu, samari suna buga benci, har masu shaguna suka leƙo. Sunansa ya koma sama da layi, lokaci ya cika yana nan. Malam Bashir ne kaɗai bai yi murna ba. Wata daga cikin matan ta gaya masa abin da ya faru, ya tsaya riƙe da galan ɗin mai, fuskarsa ta sauya.

Muna cikin alwala sunan ya ɓace daga talabijin. Ba ƙasa ya yi ba, cire shi aka yi. Malam Bashir ya kira alƙalan a gabana, ya yi ta roƙo. Ya ce mahaifiyarsa ce, ko harafin boko ɗaya ba ta sani ba, addu'a ta yi masa. Suka ce abin da kyamara ta nuna shi ne wata ta shigo ta yi masa raɗa a kunne, bayan nan ya ci tambayar da ta gagare shi sau uku. Suka ce sun yarda da shi, amma in suka bar wannan, me za su ce wa yarinyar Zariya? Na so in ji haushinsu, na rasa ta inda zan kama.

Nura ne ya je ya gaya mata. Ya durƙusa nesa kaɗan, yadda ya saba.

“Inna, ba a ɗauke ni ba.”

“Na ga ya yi kore,” ta ce. “Sun ce kore shi ne daidai.”

“Daidai ne. Doka ce ta hana a shigo.”

Ta daɗe tana kallon gorar. “Ni ce ke nan.”

“Ba ke ba ce, Inna. Da ba ki shigo ba ma da ban ci ba.”

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa. Samarin suna watsewa, na ji ɗaya yana tambayar Malam Bashir yaushe za a sake, wai wallahi ya fi ƙwallon jiya daɗi.

Komawa

Bayan la'asar muka kama hanya, don ba mai yarda magariba ta same shi tsakanin Kusada da Boko. Nura ya rako mu tasha, ya karɓi gorar ya ce zai shanye sauran. Direban safe muka sake samu.

“Malam, ya kallo? An yi daɗi?”

Na ce masa ana kallonsa, har ihu ake yi, in dai ba naka ne a ciki ba. Ya dubi Yaya ta madubi, ya ta da mota. A shinge ɗan sa-kan nan ya gane ta, ya ce, “Inna, ya mai jiki?” Ta ce da sauƙi.

Mun shiga Boko ana kiran magariba, ta sha ruwa da ruwan randa, ba ta ci komai ba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Malam Bashir da ya yi iyakar yinsa, da maƙwabcinmu da ya jira mu a Kusada da babur.

An yanke dawa, Nura ya tafi. Ya kira sau ɗaya daga Agadas, ya ce in gaishe da Inna. Ɗakina yana jikin nata. Duk bayan salla ina jin ta ta katanga, ta daina cewa yaron nan, sunansa take kira, da ƙarfi, ba ta damu da wanda ya ji ba.