Ramin da Nicanor Ya Hana a Toshe

Kowace safiya, kafin mai tuyar masara ta hura wuta, Maestro Nicanor Cassiani, gwanin gyaran lasifika, ya ɗaga ƙofar shagonsa a unguwar Rebolo. Zai sha kofi a tsaye, ya ɗauki lasifikar da ke jiran gyara, ya juya bayanta ya hura. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan zai rufe, kunnensa ya daina ji sosai.

Manyan lasifikun nan masu girgiza ƙirji ba su dame shi ba. Tasa ita ce ta tsakiya, mai ɗauke da muryar mutum. A bayanta, tsakiyar maganaɗisu, akwai ɗan rami. Masu akwatunan kiɗa na unguwarmu toshe shi suke da kakin kyandir, wai sauti zai ƙaru, zanzaro kuma ba zai yi gini ciki ba. Nicanor kaɗai ke cewa a'a.

"Hancinta ne," na ji ya faɗa wa Wilfrido direba. "Toshe naka, ƙato, mu ga ko za ka kai tsakar rana."

Sai ya yanko ƙyallen gidan sauro ya manna a bakin ramin: iska ta wuce, zanzaro ya tsaya waje.

Ni da na koyar da kimiyya shekara talatin, nake tuhumar duk abin da jama'a suka yarda da shi, a nan kaɗai na bi taro. Akwatin kiɗan marigayi mijina, Evaristo, Nicanor ne ya haɗa lasifikarsa daidai da muryarsa. A ko'ina na sa kaset ɗin gaisuwarsa, baƙo nake ji, sai a nan. Da na ga zanzaro na shawagi, na ɗiga kaki a ramin.

Nicanor ya ce, "Malama, cire shi. Zafi zai taru, waya ta ƙone."

"Maestro, a wace makaranta ka karanta haka?"

Na bar kakin a wurin. Ranar cikar Evaristo shekara da rasuwa, dangi sun cika tsakar gida, na sa kaset ɗin, muryar ta shaƙe, ta yanke a tsakiyar sunana. Sai ƙauri.

Kai ne ka zo ba a kira ka ba, Nicanor. Kai ne ka yi mako uku kana naɗa siririyar waya, ba ka taɓa tuna mini maganata ba. Mai gyaran muryar wasu, wanda ba a saurari tasa ba.

Na gode, kuma na makara. Masu tasowa, ku je shagon kafin ya rufe, ku tambayi dalilin kowane rami kafin ku toshe.

Ranar da Nicanor ya gama gyara ya kunna akwatin, Evaristo ya kira sunana cikakke. Nicanor ya ɗora tafinsa a kan akwatin, tunda kunne ba ya ji, yana kallon bakina.

"Ya fito, Malama?"

Na ba shi haƙuri da ƙarfi, har sau biyu. Ya yi murmushi, ya ce, "Eh, kofi, babu sukari."